Ɗakin Matattun Ƙarafa

Mu na Allah ne, kuma gare Shi za mu koma. Kakana, mahaifin mahaifiyata, wanda Wudil ta sani da Baba Injiniya, mu kuwa jikoki muke ce masa Tsoho, ya amsa kiran Ubangijinsa wata Laraba da hantsi bayan doguwar jinya. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa kurakuransa, ya sa can ta fi masa nan.

Na zauna makoki da yawa a garin nan, amma ban taɓa ganin wanda tabarmi suka yi baƙi ƙirin da giris irin nasa ba. Kanikawa ne suka riƙa tahowa daga gareji, ko hannu ba su tsaya wankewa da kyau ba, da masu injin casar shinkafa, da manoman rani na bakin kogi da taɓo a ƙafafunsu. Ga kuma malaman jami'a da manyan riguna, kowa ya samu gefen tabarma ya raɓa. Sai a yi addu'a a shafa, a ce mana ya haƙuri, mu ce da godiya. Daga nan sai ka ga idon mutum ya zarce kan wata ƙofar langa-langa da ke jikin zauren, wadda aka datse da kwaɗo.

Mai injin casa na Lajawa, wani ƙaton mutum da muryarsa ke danne ƙarar injinsa, shi ya fara furta abin da ke ran kowa. Ya matso kusa da ni ya rage murya iya ƙoƙarinsa, wato dai duk zauren ya ji.

"Jika, ɗakin fa? Ya za a yi da ɗakin?"

Na ce, "Sai abin da manya suka ce."

Ya cire hularsa ya share fuska. "Wallahi da ana binne mutum da kayansa, da sai an haƙa wa Baba rijiya." Wasu suka yi murmushi, liman ya harare shi, shi kuwa sai ya fashe da kuka, ƙaton mutum har da shessheƙa.

Wani tsohon bakanike ya ce marigayi mutumin kirki ne, amma fa akwai taurin kai, Allah ya gafarta masa. Babu wanda ya musa. Daga cikin gida aka ba mu labarin wata dattijuwa mai injin niƙa daga Ɗankaza, wadda ta zo tun da sassafe ta zauna a gaban Iya, kakarmu mace. Bayan gaisuwa ba ta ƙara cewa komai ba sai, "Shi ke nan, yanzu wa zai saurari injina?"

Mutum ɗaya ne ban ga hawayensa ba, shi ne Kawu, ɗan farin Tsoho, yayan mahaifiyata, mai shagon kayan gyaran injina a bakin titi. Ya karɓi gaisuwa yadda ya kamata, ya ciyar da baƙi, bai bar komai ya gaza ba. Ranar sadakar uku, da jama'a suka ragu, ya tara mu a zaure ya ce da zarar an yi bakwai zai kira 'yan gwangwan su kwashe tarkacen ɗakin nan su auna, a share wurin iyali su amfana da shi.

"Shara ce," in ji shi. "Shekara da shekaru muna kwana da shara."

Ni na fi kowa ɗaga murya. Na ce haba Kawu, ko ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba! Na ce abin da ke cikin ɗakin nan ko a jami'a babu irinsa. Sai da mahaifiyata ta aiko daga ciki aka ce in rufe bakina, da wanta nake magana. Amma bari in faɗa tun da wuri, kada mai karatu ya ɗauke ni waliyyi: ina faɗan nan, can ƙasan zuciyata wani sanyi nake ji.

Ga dalili. Injiniyanci na karanta, kuma wani kamfani a Fatakwal ya ɗauke ni horo a kan abin da na fi so a duniya, wato sanin yadda inji ke lalacewa da yadda ake tare shi kafin ya tsaya, da tabbatar da ingancin abin da masana'anta ke fitarwa. Bayan horon akwai takardar shaida, akwai aiki. Sun yi ta ɗaga mini ƙafa saboda jinyar Tsoho, har suka gaji suka ce in ban bayyana farkon wata mai kamawa ba, sun ba wani gurbina. Jakata tana ƙarƙashin gado a haɗe tun kafin ya kwanta ciwo, har gizo-gizo ya yi saƙa a hannunta. In ɗakin nan ya tafi, babu sauran abin da zai riƙe ni a Wudil. In kuwa ya tsaya, kowa ya san wanda za a kalla.

To, me ke cikin ɗakin?

Tsoho ya yi ƙuruciyarsa a wata masaƙa a Kano, a sashen kula da injina da duba ingancin yadi. Sun tura shi kwasa-kwasai, duk inda ya je sai ya dawo da littattafai. Da masaƙar ta durƙushe, abokan aikinsa wasu suka faɗa kasuwa, shi kuwa ya tattaro ya dawo gida da akwatunan littattafai da buhuna masu nauyin tsiya. Iya ta ce ranar da mota ta sauke kayan ta zaci abin arzikin sallama ne, har ta rangaɗa guɗa. Da aka kwance buhun farko sai ga karyayyun ƙarafa. Ta ce tun daga ranar ba ta sake yi wa buhu guɗa ba sai ta leƙa cikinsa.

Bango ɗaya na ɗakin littattafai ne, manya masu kauri na Turanci, a kan tsawon ran injina, da yadda ƙarfe ke gajiya, da yadda ake gwada kaya kafin a sake su kasuwa, sai tarin mujallun injiniyoyi da yake yaƙi da gara a kansu kowace damina. Sauran bangon kuwa kantoci ne na katako har sama, cike da boris ɗin da ya fashe, wato zoben ƙarfen da sandar inji ke juyawa a cikinsa, da fistin da ya ƙone, da farfelar injin ban ruwa da yashin kogi ya cinye, da bel ɗin da ya tsinke. "Matattuna" yake kiransu. Duk wanda ya kawo masa inji ya duba, sharaɗinsa ɗaya ne, a bar masa abin da ya lalace.

Yakan ce, "Kada ka jefar da ƙarfe sai ya gaya maka abin da ya kashe shi. In ka jefar, sabon da ka saka ma abin nan ne zai kashe shi." In ɗalibi ya raina littafi, ko ɗan jami'a ya raina kantocin, amsa ɗaya yake ba su: "Littafi zai gaya maka yadda ƙarfe ke mutuwa a duniya, waɗannan kuma yadda yake mutuwa a Wudil. Wanda ya riƙe ɗaya ya saki ɗaya, da ƙafa ɗaya yake tafiya."

Kowace Asabar da safe akan shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiyar ƙofar gida. Sai ya shiga ɗakin ya fito da ƙarfe ɗaya, ya miƙa wa na kusa da shi. Ba mai magana sai ya zagaya kowa, an juya shi, an shinshina, an kankare da farce. Sannan ya tambaya, "Me ya kashe shi?" Kullum ba a rasa mai cewa kwanansa ne ya ƙare, Baba, ƙaddara ce. Sai Tsoho ya gyara zaman tabaransa da ya ɗaure da zare, ya ce, "Ƙaddara gaskiya ce, malam. Amma ta wace ƙofa ta shigo?" In an gama kokawa da tambayar, sai ya buɗe littafi ya fassara shafin da Hausa, ya kuma ba da labarin ƙarfen: injin wane ne, a wace kaka, wa ya yi ganda wajen canza baƙin mai. Mai injin kansa yakan kasance a zaune a wurin, ana yi masa dariya yana yi.

Abin da ya dame ni tun ina ɗalibi shi ne, duk ɗakin nan babu ƙarfe ɗaya da ke ɗauke da rubutu. Komai a kansa yake. Wani hutu na sayo tef da biro, na zauna na liƙa wa kanta guda bayani, kowane ƙarfe da abin da ya kashe shi. Tsoho ya shigo ya tsaya yana kallo, sannan ya sa farce ya riƙa ɓantarewa ɗaya bayan ɗaya yana liƙa mini a riga.

Na ce, "Tsoho, kai fa ba dawwama za ka yi ba. In ka mutu wa zai san labarinsu?"

Ya ce, "Wanda ya karanta takarda ba zai karanta ƙarfen ba. Ragwaye irinka nake gudu."

"To wai yaushe ma za ka mutu ne, in huta, in gaje Iya?"

"Ko na mutu ba za ka huta ba, malalaci. Iya kuwa ta fi ƙarfinka."

Iya ta ɗago murya daga tsakar gida, "Ni dai angona nake so, wannan tsohon mai warin giris ya ishe ni!" Haka muke da shi, wasan jika da kaka, kusan kullum sai na tambaye shi ranar mutuwarsa, shi kuma ya ba ni amsar nan.

Kada a zaci maƙiyin sabon abu ne. Da na fara bin darussa ta intanet, shi ke jawo kujera ya ce, "Injiniyan waya, kunna mana malaminka." In sabis ya ɗauke ya fi ni jin haushi. Yakan yi musu da mai darasin kamar yana gabansa: "Tsayar da shi! Tambaye shi ko ya taɓa ganin injin da aka girke a kan yashi." Ranar da muka kalli yadda ake maƙala wa inji 'yar na'ura tana sauraren boris tana faɗin saura yaushe ya fashe, sai da ya tafa hannu. Shi da sukudireba yake yi, ya ɗora bakinta a jikin inji ya kanga kunne a ƙotarta. Ya ce, "Kai, wannan ta fi kunnena. Je ka koyo ka dawo ka koya mini." Da saƙon Fatakwal ya zo, ina ta kame-kame, shi ya ce, "Tafi mana, wa ya riƙe ka?" Ya zaro littafin da ya fi ƙauna ya cusa mini a jaka da hannunsa.

Dattijuwar nan ta Ɗankaza, mijinta ya rasu ya bar mata marayu da injin niƙa mai cin bel kamar tuwo. Ta saka sabo, kafin wata ya ƙare ya tsinke. Labari ya iso wurin Tsoho, ya hau bayan babur ya tafi. Ya wuni zaune kusa da injin yana saurare, ƙullu na fallatsar masa a riga. Ashe daɓen ne ya lotsa ta gefe ɗaya, injin ya karkace. Ya aro fartanya ya tone da kansa, ya jera duwatsu ya daidaita. Da ta rasa abin da za ta ba shi, ya ce ta ba shi tsinkakken bel ɗin. Daga nan duk ƙarshen damina sai ya koma, ba don an kira shi ba, ya saurari injin ya sha kunu ya dawo.

Sai rigimarsa da Kawu, wadda duk Wudil ta sani.

Wata kaka, shinkafa ta cika fili, injin mutumin Lajawa ya tsaya cak, alhali bai daɗe da saka sabon boris ba. Ya kawo boris ɗin ranar Asabar. Tsoho ya sa zarto ya raba shi biyu a gaban jama'a, ya nuna musu yadda ƙarfen ke da laushi, jabu ne tsantsa. Ya tambaya, "A ina ka saya?" Mutumin ya sunkuyar da kai yana wasa da tsinke. Tsoho ya maimaita. Ya ce, "A shagon ɗanka, Baba."

Kowa ya zaci Tsoho zai share zancen. Sai ya ce, "To ku ji. Duk wanda ya sayi boris a shagon wancan, ya cire ya mayar." Wancan yake ce masa, don tun da aka haifi Kawu bai taɓa kama sunansa ba, kunyar ɗan fari.

Da yamma Kawu ya zo ya durƙusa a zaure. "Baba, da ka kira ni gefe. Wallahi ni ma cutata aka yi, ban sani ba."

Tsoho ya ce, "Injin mutane ba a gefe ya tsaya ba."

Kawu ya tashi ya fita. Bai daina zuwa gaisuwa kowace safiya ba, bai daina aiko da cefane ba, amma bai sake kallon ƙofar ɗakin nan ba. Ya kuma rantse duk wanda ya yi masa zancen ɗakin ko zaman Asabar a shagonsa, kada ya sake tako masa. Ya sha wuya, masu saye suka guje shi na wani lokaci. Ya canza inda yake saro kaya, ya koma buɗe kowane kwali da hannunsa.

Bayan an kwana biyu, Tsoho ya sa mutumin Lajawa ya sake sayo boris a shagon ba tare da ya ce na wane ne ba. Ya raba shi biyu a gaban jama'a kamar na farko. Ya daɗe yana dubawa. Ƙarfe ne na gaske. Ya haɗa shi da jabun nan ya naɗe su a tsumma ɗaya mai mai, kuma daga ranar, duk sanda zai koyar da bambancin jabu da na gaske, su yake fitowa da su. Ya ɗaga na farko ya ce, "Wannan na wancan ne a da." Ya ɗaga na biyu, "Wannan na wancan ne yanzu. Ku saya a wurinsa, ya san abin da yake yi." Kawu bai taɓa ji ba. Wa zai gaya masa, bayan rantsuwar da ya yi?

Na ce, "Tsoho, ka faɗa masa mana da bakinka."

Ya ce, "Ni in yabi ɗan fari a gabansa? In kai ba ka da kunya, ni ina da ita."

Ana saura kaɗan in tafi, muka tsince shi a ƙasa a gindin kanta. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke gaba ɗaya. Hankalinsa kuwa garau, kana gani a idonsa. Nakan ɗauke shi in zaunar a kujera a cikin ɗakin, ya nuna ƙarfe da hannun hagu in ɗauko. In na faɗi daidai ya lumshe ido. In na kuskure ya bubbuga hannun kujera, ya buɗe baki, babu abin da ke fitowa sai iska. Na kantocin ƙasa na san da yawa, don a gabana aka kawo su. Na kantar sama kuwa, waɗanda ya taho da su daga masaƙa, kullum cewa yake sai wata rana, don babu mai irin injin a Wudil. A kansu ya fi bugun kujera.

Wata rana na ɗauko tef da biro na nuna masa. Ya daɗe yana kallonsu, sannan ya gyaɗa kai, hawaye na bin gefen fuskarsa da ya shanye. Ya yarda a rubuta, a lokacin da babu bakin da zai faɗi abin da za a rubuta. Na fita bayan gida na yi kukan da ban taɓa yi ba.

Haka muka zauna, shi a kulle cikin jikinsa, ni a kulle a gefensa. In na miƙe zan fita sai ya cafke wuyan hannuna da hannun hagun nan, ƙarfi kamar filaya. Ban sani ba ko cewa yake kada ka tafi, ko cewa yake me kake jira. Abokan karatuna suna turo hotuna sanye da hular kwano a manyan masana'antu, ni ina juya tsoho ina wanke zannuwa. Na so shi, Allah shaida ne. Na kuma ji haushinsa, na ji haushin ɗakin, wani lokaci har warin tsatsar ke sa ni ciwon kai. Wasan nan namu na yaushe za ka mutu, tun ranar da ya faɗi bakina bai sake iya furta shi ba. Kawu ne ke kai shi asibiti, ya dawo ya zauna ta wajen ƙafafunsa.

Washegarin sadakar bakwai da hantsi, 'yan gwangwan suka iso da a-kori-kura da sikelinsu. Kawu ya karɓo mabuɗi daga wurin Iya, wadda ke cikin takaba, ya buɗe kwaɗon. Kafin a ce me, labari ya zaga, mutanen Asabar suka taru a gindin darbejiya, mutumin Lajawa a gaba. Babu wanda ya isa ya hana magaji, sai kallo. Ni ma na sake 'yan ƙorafe-ƙorafena, na san dai ba za su hana komai ba. Tikitin mota kawai nake lissafi a raina.

Aka fara fito da kaya ana zubawa a ƙasa. Duk abin da ya faɗo sai ka ji wani ya ce, "Wayyo, farfelata ce, shekarar da na ƙi sa mata rariya." Wani ya ce, "Ga fistin ɗina, na bar shi ba ruwa." Kawu bai kula su ba, shi da kansa yake kwasowa, gumi na zuba. Can ya fito da wani ƙunshin tsumma, ya tsaya a bakin ƙofa ya warware.

Ya gane na farkon nan take, na ga yadda fuskarsa ta ɗaure. Ya yi tsaki. "Har yau yana ajiye da abin kunyata." Ya ɗaga hannu zai wurga kan sikeli, sai ya lura da na biyun. Ya juya shi, ya kankare da farce, daidai yadda ubansa ke yi. Ya dubi jama'a, kowa ya kawar da kai saboda rantsuwar nan. Sai ya juyo gare ni.

"Kai, wannan na biyun fa? Na wane ne?"

Da na ce ban sani ba, da shi ke nan. Kalma uku, a auna, a loda, in ɗauki jakata. Babu wanda zai zarge ni, ai kowa ya ga na yi iya faɗana. Na buɗe baki da niyyar faɗin haka, wallahi da niyyar haka. Amma a gindin bishiyar nan aka raine ni, inda in an tambaye ka labarin ƙarfe ba ka faɗin abin da bai faru ba.

Na ce, "Naka ne, Kawu. Daga shagonka ya sa aka sayo daga baya, ya yanka ya ga na gaske ne. Tun daga ranar tare yake nuna su. Yakan ce wannan na wancan ne a da, wannan na wancan ne yanzu, ku saya a wurinsa, ya san abin da yake yi."

Mutumin Lajawa ya ce, "Ni na sayo, Alhaji. Ka kore ni daga shagon in ka ga dama."

Kawu ya sake duban ƙarfen. Ya ce, "Ya faɗa? Da bakinsa?"

Tsohon bakaniken nan ya ce, "Har mun haddace."

Sai Kawu ya zauna daɓas a dokin ƙofa, ya kifa fuskarsa a cikin tsumman nan mai baƙin mai, kafaɗunsa na girgiza. Dattijo mai furfura, a gaban 'yan gwangwan. Babu wanda ya ce masa ya yi haƙuri, aka bar shi ya yi kukan ubansa.

Da ya ɗago, fuska duk giris, ya sallami masu sikeli ya ba su haƙuri. Jama'a suka yi caa a kan kayan, kowa ya ɗauki nasa ya mayar inda yake. Kawu ya datse kwaɗon da hannunsa, ya kamo hannuna, daidai wuyan hannun da Tsoho ke cafkewa, ya danƙa mini mabuɗin.

"Kai kaɗai ka san kansu. Ranar Asabar ka buɗe, ni ma zan zo."

Aka yi ta alhamdu lillahi, ana dafa kafaɗata ana cewa jika ya ceci ɗaki, Allah ya yi maka albarka. Iya ta aiko a gaya wa angonta ya kyauta. Na yi ta amsa amin, mabuɗin na ƙona mini tafin hannu.

Wata ya kama, ya kuma yi nisa. Na ciro littafin nan daga jaka na mayar da shi gurbinsa a kanta, jakar kuma na tura ta can ƙuryar gado. Asabar ɗin da ta wuce wani manomi daga Utai ya ɗora mini farfela a hannu, ta zagaya kowa har Kawu, na ji bakina yana tambaya, me ya kashe ta? Da yamma nakan zauna da tef da biro ina rubuta abin da na sani, ina waiwayen ƙofa kamar za a shigo a ɓantare. Kantar sama tana nan babu rubutu ko ɗaya, kuma haka za ta zauna.

Na rubuta wannan ne don kada a manta da shi, da alherinsa da taurin kansa. Wanda ya karanta ya sa shi a addu'a. Allah ya haskaka kabarinsa, ya buɗe masa bakinsa a gaban masu tambaya, ya sada shi da rahama.

Tsoho, ka mutu. Ban huta ba.